Kinaz da fosfataz cikin girman ƙwaƙwalwa da haɗuwar ƙwayoyin jijiya bayan haihuwa

Taƙaitawa

Wannan takarda tana bayani a kan wasu anzim da ke isar da saƙo cikin ƙwayar jijiya, da yadda suke tafiyar da girman ƙwaƙwalwa da ƙulluwar mahaɗanta daga ranar haihuwa zuwa balaga. Mun ɗauki hanyoyi uku: ta PI3K, Akt da mTOR, wadda ke ƙayyade girman ƙwaya, ta CaMKII da kalsinorin, wadda ke ƙarfafa mahaɗa ko ta raunana ta, da ta Ras da ERK, wadda ke kai labari ga cibiyar ƙwaya. Za mu nuna cewa kowace hanya tana da mai tura ta da mai tsayar da ita, kuma lafiyar ƙwaƙwalwa ta dogara ga daidaito tsakaninsu a lokacin da ya dace.

0. Gabatarwa

Ana haihuwar ɗan Adam da ƙwaƙwalwa mai nauyin giram 350 zuwa 400. Ta babban mutum kuwa tana kai giram 1300 zuwa 1400. Mai hankali zai yi zaton cewa wannan ƙari na kusan kilo guda sababbin ƙwayoyin jijiya ne. Amma ba haka abin yake ba, domin galibin ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwa an riga an yi su tun cikin ciki. To, mene ne ke girma, kuma wa ke ba shi umarni ya fara, wa ke ce masa ya tsaya?

Kafin mu shiga zancen, ga kalmomin da za mu yi aiki da su. Abin da ake kira neurone a Faransanci mun kira shi ƙwayar jijiya. Dendrite mun ce reshe, axone mun ce akson. Synapse, wato wurin da akson na wata ƙwaya ke miƙa saƙo ga wata, mun ce mahaɗa. Ɗan tsiron da ke jikin reshe yana karɓar mahaɗa, épine dendritique, mun ce ƙaya. Récepteur mun ce makarɓi, gène kuwa mun bar shi jen. Sunayen anzim da aka saba taƙaitawa da haruffa mun bar su yadda suke a kowane harshe.

1. Abin da ke girma bayan haihuwa

A 2008, wata ƙungiyar masu bincike ta Jami'ar Karolina ta Arewa, a Amurka, ta auna ƙwaƙwalwar jarirai da na'urar hoton maganaɗisu. Ta tarar girman ƙwaƙwalwa yana ninkawa biyu cikin shekarar farko, sa'an nan ya ƙaru da kamar kashi 15 cikin ɗari a ta biyu. Ana ganin alamar haka a waje: kewayen kan jariri, wanda yake wajen santimetir 35 ranar haihuwa, yakan kai wajen 46 idan ya cika shekara.

Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka yi wannan girma. Jikin kowace ƙwayar jijiya yana ƙara ƙiba. Rassanta suna tsawo suna rarrabuwa. Ƙwayoyin gliya, masu hidima ga ƙwayoyin jijiya, suna yawaita, wasunsu kuma suna naɗe akson da rigar kitse da ake kira miyelin. Na huɗu shi ne ƙulluwar mahaɗai masu ɗimbin yawa. A ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, cervelet, ana ci gaba da haifar sababbin ƙwayoyin jijiya bayan haihuwa, shi ya sa girmanta ya fi na sauran sassa sauri a shekarar farko.

Peter Huttenlocher, likitan yara a Jami'ar Shikago, ya ƙirga mahaɗai a ƙwaƙwalwar mamata masu shekaru daban-daban, ya wallafa sakamakon farko a 1979. Ya ga yawansu yana hawa da sauri, ya wuce na babban mutum, sa'an nan ya sauko a hankali. A sashen gani ƙololuwar tana zuwa wajen wata 8. A sashen goshi tana zuwa bayan shekara guda, saukowar kuma tana ja har ƙuruciya ta ƙare. Tun a 1976, Jean-Pierre Changeux da Antoine Danchin a Faris sun ba da shawarar cewa ƙwaƙwalwa tana ƙulla mahaɗai fiye da bukata, aiki ne kuma ke zaɓen waɗanda za su tabbata. Manomin gero ya san irin wannan tsari: yakan zuba iri da yawa a rami, idan ya tsira ya cire wasu ya bar masu ƙarfi.

Ke nan ana bukatar wata na'ura cikin ƙwaya da za ta ji abin da ke faruwa a waje, ko abinci ne, ko sinadarin girma, ko hasken da ya shiga ido, ta mai da shi umarni: girma, tsaya, riƙe wannan mahaɗa, saki waccan.

2. Ɗora fosfat da cire shi

A 1955, a Jami'ar Washinton da ke Siyatil, Edmond Fischer da Edwin Krebs suna nazarin wani anzim na tsoka mai warware gilikojen. Suka gano cewa yana tashi aiki idan an ɗora masa ƙwayar fosfat da aka ɗebo daga ATP, yana kwanciya idan an cire ta. Wannan ya ba su lambar Nobel a 1992. Anzim mai ɗora fosfat shi ne kinaz, mai cirewa shi ne fosfataz. Ana ɗora fosfat ɗin galibi a kan ɗaya daga asid amine uku na jikin furotin: serin, tireyonin ko tirozin. Da yake fosfat yana ɗauke da cajin lantarki, zamansa yana sauya siffar furotin, sauyin siffa kuma ya sauya aikinsa ko abokan da yake mannewa da su. Ƙididdigar da aka yi a 2002 ta nuna ɗan Adam yana da jen 518 na kinaz masu aiki a kan furotin. Na fosfataz kuwa sun kusa 200.

Wannan tsari yana da amfani uku ga ƙwayar jijiya. Yana da sauri, cikin daƙiƙoƙi ake yinsa. Ana iya warware shi. Sa'an nan yana haɓaka saƙo, domin kinaz ɗaya kan ta da goma, kowanne daga goman ya ta da wasu. Ga mai son kwatance, kinaz da fosfataz kamar ƙaimi ne da linzami: mahayin da ya rasa ɗaya daga ciki ba ya kai inda ya nufa. Sai dai a lura, akwai wuraren da ɗora fosfat ke tsayar da furotin, cire shi kuma ya sake shi, kamar yadda za mu gani a sashe na 3.

Saƙon farko yakan zo daga waje. Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen sun gano NGF, sinadarin girman jijiya, a shekarun 1950, suka sami Nobel a 1986. A 1982 Yves-Alain Barde da Hans Thoenen, a Jamus, suka tace ɗan'uwansa BDNF daga ƙwaƙwalwar alade. A 1991 aka tabbatar da makarɓinsa, TrkB. Shi wannan makarɓi kansa kinaz ne: rabinsa yana waje yana kama BDNF, rabinsa yana ciki yana ɗora fosfat a kan tirozin. Makarɓin IGF-1, wani sinadarin girma, haka yake aiki. Daga bakin waɗannan makarɓa ne hanyoyin da za mu duba suke tashi.

3. Girman ƙwaya: PI3K, Akt da mTOR

Idan makarɓi ya tashi, yakan jawo PI3K, kinaz mai aiki a kan kitsen tantanin da ya kewaye ƙwaya. PI3K yana ɗora fosfat a kan wani kitse, PIP2, ya mai da shi PIP3. PIP3 ya zama turken da kinaz Akt ke ɗaurewa a kai ya tashi aiki. Akt kuma ya ɗora fosfat a kan TSC2, wanda tare da TSC1 suke danne mTOR. A nan fosfat tsayarwa yake yi: TSC2 ya saki, mTOR ya sami sarari. Shi mTOR, cikin gungun da ake kira mTORC1, yana hanzarta ƙirar furotin da kitse, yana kuma hana ƙwaya cinye tsofaffin kayanta. Mai warware matakin farko shi ne PTEN, fosfataz da aka gano a 1997, wanda ke mai da PIP3 zuwa PIP2.

Sunan mTOR ya samo asali daga magani. A 1964 wata tawagar Kanada ta ɗebo ƙasa a tsibirin Rapa Nui, cikin tekun Fasifik. Daga wata baktariya da ke cikin ƙasar aka fitar da rapamisin. A 1991, a ɗakin binciken Michael Hall a Bazel ta ƙasar Suwis, aka gano jen ɗin da maganin ke kamawa a cikin yis, aka kira shi TOR. A 1994 aka sami takwaransa a dabbobi masu shayarwa.

Gwaje-gwajen ɓeraye sun nuna aikin hanyar ta fuska biyu. A 2001, ƙungiyoyi biyu suka cire Pten daga wasu ƙwayoyin jijiya. Ƙwayoyin suka kumbura, ƙwaƙwalwa ta yi girma fiye da kima, ɓerayen suka kamu da farfaɗiya. A 2005 aka cire Akt3, nau'in Akt da ya fi yawa a ƙwaƙwalwa, sai ƙwaƙwalwa ta ragu da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, alhali jikin ɓeran bai ragu ba. A shekarar nan kuma aka nuna, a ƙwayoyin da ake reno cikin faranti, cewa ta da hanyar yana yawaita rassa, rapamisin kuma yana rage su.

A ɗan Adam ma haka ne. Yaran da suka rasa kwafi ɗaya na AKT3 sukan zo da ƙaramin kai. A 2012 ƙungiyoyi uku suka gano sauyin jen da ke sa PIK3CA, AKT3 ko MTOR aiki babu tsayawa a yara masu ƙatuwar ƙwaƙwalwa. A wasunsu sauyin ya faru ne cikin ƙwaya ɗaya tun tayi yana ƙarami, don haka rabin ƙwaƙwalwa kaɗai ya kumbura, da farfaɗiya mai tsanani. Tun a 2005 an duba yara 18 masu otizim da babban kai, aka sami sauyin PTEN a 3 daga cikinsu. Cutar da Désiré-Magloire Bourneville ya bayyana a Faris a 1880, wadda ke ɗauke da sunansa, daga lalacewar TSC2 ko TSC1 take. An gano na farkon a 1993, na biyun a 1997. Tana samun kamar jariri 1 cikin 6000, da farfaɗiya, da fararen tabo a fata, da ƙari a ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Abin lura shi ne, ƙaramin kai da babban kai duka suna zuwa da raunin fahimta. Ƙwayar da ta yi girma fiye da kima tana karɓar mahaɗai da suka wuce lissafi, tana tashi ba dalili, ta jawo maƙwabtanta.

4. Mahaɗa: CaMKII da kalsinorin

Hanyar mTOR tana magana da ƙwaya gaba ɗaya. Amma ƙwayar jijiya ɗaya ta ɓawon ƙwaƙwalwa tana ɗauke da mahaɗai dubbai, kuma dole a yanke wa kowace hukuncinta daban. A 1973 Tim Bliss da Terje Lømo suka wallafa aikin da suka yi a Oslo a kan zomaye: idan aka buga wa wata hanya ta hipokamp lantarki da sauri na ɗan lokaci, mahaɗanta sukan ƙara ƙarfi har awoyi. Ana kiran wannan LTP. A 1992 Serena Dudek da Mark Bear suka nuna kishiyarsa: bugu ɗaya a kowace daƙiƙa har minti 15 yana raunana mahaɗa. Shi ne LTD.

Ƙofar duka biyun ɗaya ce, makarɓin gulutamat da ake kira NMDA. A 1984 ƙungiyar Philippe Ascher a Faris, da ta Mark Mayer da Gary Westbrook a Amurka, suka gano cewa manyeziyom yana toshe wannan ƙofa, ba ya fita sai ƙwayar da ke karɓa ta riga ta ɗauki lantarki. Ke nan ƙofar ba ta buɗewa sai mai aikawa da mai karɓa sun yi aiki a lokaci ɗaya. Idan ta buɗe, kalsiyom ya shiga ƙaya, ya kama furotin kalmodulin. Anzim biyu ne ke jiran wannan kalmodulin.

Na farko shi ne CaMKII. Yana da yawa ƙwarai: kusan kashi 2 cikin ɗari na dukan furotin da ke hipokamp. Gungu ne na gaɓoɓi 12 da suka jeru zobe biyu. Idan gaɓoɓi biyu maƙwabta suka kama kalmodulin tare, ɗaya yakan ɗora wa ɗayan fosfat a tireyonin ta 286, daga nan wanda aka ɗora wa ya ci gaba da aiki ko da kalsiyom ya janye. Wannan ba ya faruwa sai kalsiyom ya zo da yawa kuma a kai a kai. CaMKII da ya tashi yana mannewa ga makarɓin NMDA, ana ƙara makarɓan AMPA a mahaɗa, zaren aktin na cikin ƙaya ya ƙaru, ƙaya ta kumbura. A 2004 ƙungiyar Haruo Kasai a Japan ta ga wannan kumburi a ƙaya guda ɗaya, maƙwabtanta ba su motsa ba. A 1992 Alcino Silva ya nuna ɓerayen da aka cire wa nau'in alfa na CaMKII suna da raunin LTP da na koyon wuri, a 1998 kuma aka sami irin wannan rauni ta sauya tireyonin ta 286 kaɗai. Wani aiki na 2023 ya ƙara da cewa mannewar CaMKII ga makarɓin NMDA ita ce muhimmin mataki wajen fara LTP, fiye da fosfat ɗin da yake ɗora wa sauran furotin.

Na biyu shi ne kalsinorin, fosfataz. Shi ɗan kalsiyom kaɗan ya ishe shi tashi. Idan kalsiyom ya riƙa shigowa kaɗan-kaɗan na dogon lokaci, kalsinorin ne ke rinjaye. Yakan saki wani fosfataz, PP1, a cire fosfat daga makarɓan AMPA, a janye su cikin ƙwaya, ƙaya ta tsuke. John Lisman ya kawo wannan tunani a 1989, ƙungiyar Robert Malenka ta tabbatar da rawar kalsinorin a 1994. Ashe sinadari ɗaya, kalsiyom, yana ba da umarni biyu masu karo da juna, kuma yawansa da tsawon zamansa su ke zaɓen anzim ɗin da zai amsa.

Ga jariri wannan ya fi muhimmanci. A 1995 aka gano cewa mahaɗai da yawa na sabuwar ƙwaƙwalwa suna da makarɓin NMDA amma ba su da AMPA, don haka ba sa isar da saƙo; ana kiransu mahaɗai bebaye. Ƙungiyar Hollis Cline ta nuna a talibamban kwaɗo, a 1996 da 1998, cewa CaMKII yana buɗe bakin irin waɗannan mahaɗai, yana kuma rage yawon reshe, ya tsayar da shi inda ya sami abokin haɗi. A ɓeraye nau'in alfa yana da ƙaranci ranar haihuwa, yana hawa cikin makonni uku na farko. Kafin ya hau, wani kinaz, PKA, shi ke riƙe da LTP a hipokamp. A 2017 wata ƙungiya da Sébastien Küry na Nant ya jagoranta ta bayyana mutum 24 masu raunin fahimta da ke ɗauke da sauyi a CAMK2A ko CAMK2B. Wasu sauye-sauyen suna ƙara aikin anzim ɗin, wasu suna rage shi, duka kuma sun kai ga cuta.

5. Ras, ERK da taƙaitaccen lokaci

Domin sauyin mahaɗa ya dore kwanaki, sai an ƙera sabon furotin, sai kuma labari ya kai cibiyar ƙwaya inda jen suke. Hanyar Ras ce ke wannan aike. Ras ƙaramin anzim ne da ke aiki idan yana riƙe da GTP, ya kwanta idan ya mai da shi GDP. Yana ta da kinaz uku a jere, Raf, MEK da ERK, na ƙarshen ya shiga cibiya ya buɗe wasu jen. Linzamin Ras a ƙaya shi ne SynGAP, wanda ke hanzarta mai da GTP zuwa GDP. Idan CaMKII ya tashi, yakan ɗora wa SynGAP fosfat ya kore shi daga ƙaya, Ras ya sami hanya. A nan ne hanyar sashe na 4 ta haɗu da wannan.

A 2009, a Monreyal, an duba mutum 94 masu raunin fahimta da ba a san musabbabinsa ba a lokacin, aka sami lalacewar kwafi ɗaya na SYNGAP1 a 3. A 2012 ƙungiyar Gavin Rumbaugh ta gano abin da ke faruwa a ɓeraye masu irin wannan rashi: mahaɗansu suna nuna da wuri, wajen mako na biyu, kafin lokacinsu. Mahaɗar da ta riga ta cika ƙarfi ba ta da sauran wurin ƙari idan koyo ya zo.

Mafi sanin misalin lokaci shi ne na ido. David Hubel da Torsten Wiesel, tun daga 1963, sun rufe wa ƴaƴan kyanwa ido ɗaya, suka tarar ƙwayoyin sashen gani sun daina amsa masa ko bayan an buɗe shi. A 1970 suka ƙayyade lokacin: haɗarin yana farawa a mako na 4, ya yi tsanani har mako na 8, ya gushe wajen ƙarshen wata na 3. Rufe idon babbar kyanwa fiye da shekara bai yi wannan ɓarna ba. Sun sami Nobel a 1981. Daga 2001 zuwa 2005 aka nuna a ɓeraye da kyanwa cewa hana aikin ERK, ko PKA, ko tireyonin ta 286 ta CaMKII, ko kuma ƙara aikin kalsinorin fiye da kima, kowanne yana hana wannan sauyi na sashen gani. A 1999 kuma an nuna cewa ƙara BDNF da wuri yana buɗe lokacin da wuri, ya rufe shi da wuri. Wannan ne dalilin da ya sa likitocin ido ke son cire yanar da aka haifi jariri da ita a ido ɗaya cikin makonni 6 na farko, kuma suke son a kai yaro mai harara-garke awo tun yana ƙarami. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

6. Rage mahaɗai

Mun ce a sashe na 1 mahaɗai suna raguwa bayan ƙololuwa. Ƙayar da ta tsuke ta hanyar kalsinorin ita ce ta fi saurin ɓacewa. Ƙwayoyin mikrogiliya, masu sharar ƙwaƙwalwa, suna cinye wasu mahaɗai da aka sa wa alamar furotin na garkuwar jiki, kamar yadda ayyukan 2007 zuwa 2012 suka nuna. Ita ma ƙwayar jijiya tana narkar da kayan mahaɗar da aka rushe a cikin kanta, aikin da mTOR ke hanawa idan ya yi yawa. A 2014 ƙungiyar David Sulzer ta Jami'ar Kolumbiya a Niyok ta ƙirga ƙayoyi a ƙwaƙwalwar yara da matasa da suka rasu. A waɗanda ba su da otizim yawan ƙayoyi ya faɗi da kusan rabi tsakanin yarinta da samartaka, a masu otizim kuwa da kashi 16 cikin ɗari kawai, tare da alamun yawan aikin mTOR. Ɓeraye masu kwafi ɗaya na Tsc2 sun nuna irin wannan rarar ƙayoyi, rapamisin kuma ya gyara ta. Ke nan anzim ɗin da ke gina reshe a watannin farko shi ne ke hana ragewa idan bai lafa ba daga baya.

7. Magani da abinci

Da yake anzim abu ne da magani ke iya tsayarwa, an ɗora fata mai yawa a kan wannan ilimi. Wani ɓangare ya cika. Eberolimus, ɗan'uwan rapamisin, ya sami izini a Amurka a 2010 domin rage ƙarin ƙwaƙwalwa na cutar Bourneville. A gwajin da aka wallafa a 2016 a kan mutum 366 masu farfaɗiyar da ta gagari magani, faɗuwa ta ragu da rabi ko fiye a kashi 40 cikin ɗari na masu shan babban awo, kashi 28 na masu ƙaramin awo, da kashi 15 na waɗanda aka ba maganin wofi. Amma gwaje-gwaje biyu na 2017 da 2019, a yaran da suka wuce shekara 4, ba su sami ƙarin fahimta ba. Haka aka gani a cutar nerofibromatoz ta 1, inda wani linzamin Ras ya lalace: lobastatin ya gyara koyon ɓeraye a 2005, amma magungunan wannan dangi ba su ƙara wa yara fahimta ba a gwaje-gwajen 2008 da 2016. A ɓerayen SynGAP, mayar da jen bayan girma ya rage saurin farfaɗiya, amma bai warware dukan abin da ya karkace a makonnin farko ba. Darasin shi ne a raba abu biyu: cutar da anzim ke haddasawa a yau, wadda magani ke iya taɓawa, da ginin da aka riga aka yi a karkace.

Ga ƙasashenmu, inda sauyin jen ba shi ne babban abin da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara ba, hanyar mTOR tana da wata fuska. mTORC1 ba ya tashi da umarnin makarɓi kaɗai, sai ya tabbata akwai kayan aiki. Yana auna asid amine, musamman losin da arjinin. Idan ATP ya yi ƙaranci, kinaz AMPK yana danne shi. Idan kuma ɗaya daga asid amine na dole ya yanke, wani kinaz, GCN2, yana rage ƙirar furotin gaba ɗaya. Gero, dawa da masara suna da ƙarancin lizin, wake da madara da ƙwai da kifi kuwa suna da shi. Kunun hatsi zalla yana cika cikin yaron da aka yaye, amma yana barin wannan giɓi. Wani bincike na 2016 a karkarar Malawi ya tarar yara masu tsumburewa suna da ƙarancin dukan asid amine 9 na dole a jininsu. Lissafin da aka wallafa a 2014 kuma ya nuna cewa wajen shekara 5 ƙwaƙwalwa tana cin sukari daidai da kashi 66 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke kashewa a hutu. Saboda haka awon kewayen kai a wurin awon yara, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya cancanci kulawa irin ta awon nauyi, kuma layin da ya haura da sauri abin bincike ne kamar wanda ya kwanta.

8. Kammalawa

Mun bi hanyoyi uku. A kowace mun tarar da mai turawa da mai tsayarwa: PI3K da PTEN, Akt da TSC2, CaMKII da kalsinorin, Ras da SynGAP. A kowace kuma cutar ɗan Adam ta nuna cewa wuce iyaka yana da illa kamar gazawa. Daga nan muke ba ɗalibai shawara, idan suka karanta cewa wani sinadari yana ƙara aikin mTOR ko yana yawaita ƙayoyi, su tambayi abu uku kafin su kira shi alheri: a wace ƙwaya, a wane shekaru, kuma me ya sami mai tsayarwar. Ga masu aikin lafiyar yara kuwa, abin da ke hannunsu tun yanzu shi ne abincin da ya cika asid amine bayan yaye, duba ido da kunne a watannin farko, awon kai a kai a kai, da gaggauta maganin farfaɗiyar jarirai, domin waɗannan su ne saƙonnin da anzim ɗin ke karantawa a shekarun da ginin ke gudana.